Sifikoki shida a falo: ƙugi, mutuwar amfilifaya da maganar da ba ta fita

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin kayan sauti a kan wata matsala da ta shafe mako biyu tana damuna. Na sayi amfilifaya ta hannu, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka, mai ɗaukar sifikoki biyar da wufa ɗaya (sifikar sauti mai kauri), wato tsarin da ake rubutawa 5.1. Tare da ita na sayi sifikokin gaba biyu da ta tsakiya da wufa, su kuwa na baya biyun na ciro su ne daga wata tsohuwar na'urar DVD da ta lalace a gida. Da yake wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuma 230, mai shagon ya haɗa ni da tiransifoma mai rage wuta, an rubuta wat 500 a jikinta. Falon mita 5 ne a tsawo da mita 4 a faɗi, ƙasa tayil, sama silin POP, kujeru kuma jingine da bango kamar yadda aka saba. Wayar dish ta shiga dikoda, dikoda ta shiga talabijin ta HDMI, talabijin kuma ya shiga amfilifaya ta wata HDMI ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne wani ƙugi mai kauri da ke fita daga wufa ko da ba a kallon komai. Bayan shi, sifikokin baya ba sa cewa uffan a yawancin tashoshi, sannan idan ana kallon fim, maganar 'yan wasa tana yin ƙasa har sai an ƙara murya, da an ƙara kuma sai ƙarar mota ko harbi ta firgita yara. Na ƙarshe, idan na ɗaga murya ta wuce rabi, amfilifayar sai ta mutu da kanta, wata jar fitila ta riƙa ƙyaftawa. Mai shagon ya ce in mayar a canza mini, amma ina tsoron in ɗauko wata in sake tarar da abin da na gudu.

Injiniya na Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar mayar da ita, domin abubuwa huɗun da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya tabbatar da cewa amfilifayar ta lalace. Mu fara da mutuwar da take yi, saboda ita ce kaɗai ke iya jawo maka asara. Wannan jar fitilar alama ce ta cewa na'urar ta kare kanta, ko dai saboda ta ga wuta mai yawa tana fita ta ramukan sifika, ko kuma saboda ta yi zafi fiye da kima.

Ka kashe ta, ka zare filogi, ka haska tocila a bayanta da bayan kowace sifika. Wayar sifika tana da ƙananan silala masu yawa, kuma sili ɗaya tak da ya kuɓuce daga jan rami ya taɓa baƙi, ko ya taɓa ƙarfen jikin amfilifayar, ya isa ya kashe ta da zarar an ɗaga murya. Ka sake fere kowace waya kamar santimita ɗaya, ka murɗe silalan su zama abu guda, ka ɗaure da kyau. Daga nan ka karanta mana abin da aka rubuta kusa da ramukan sifika a bayan amfilifayar, za ka ga adadin om ɗin da ta yarda da shi, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, ka kuma karanta na bayan sifikokin nan biyu na tsohuwar DVD, domin su nake zargi. Ka faɗa mana kuma inda ka ajiye ta, a fili ne ko a cikin kabad.

Mai Gyaran Rediyo:
Injiniya ya yi daidai da ya fara da wannan. Ni zan ɗauki maganar ƙugi, domin tun zamanin rediyon kaset nake fama da shi a teburin aiki. Ƙugi iri biyu ne, ɗana, kuma maganinsu daban. Akwai wanda ke fita daga jikin akwatin ƙarfen kansa, wato tiransifomar ciki ce ke rawa, akwai kuma wanda ke fita daga bakin sifika. Ka kara kunnenka a jikin amfilifayar, sannan ka kara a bakin wufar, za ka rarrabe su.

Tunda ka ce daga wufa yake fita, ga yadda za ka kama mai laifi ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka cire duk wayoyin da ke shiga amfilifayar, ka bar ta da sifikokinta da wufa kawai, ka kunna. Idan ƙugin ya tafi, to daga waje yake shigowa. Sai ka mayar da wayar talabijin ka saurara, ka mayar da ta dikoda ka saurara, daga ƙarshe ka murɗa wayar dish a bayan dikoda. Duk wayar da ka sa ƙugin ya dawo, ita ce ƙofarsa. Waya ɗaya za ka riƙa mayarwa a lokaci guda, domin wanda ya canza abu uku tare ba zai san wanne ya yi aiki ba. A gidajen da na shiga, wayar dish ce ke fitowa da laifi sau da yawa.

Abu Sudais:
Baba, ku gafarce ni, amma ni na taɓa samun irin wannan ƙugin, kuma wani abokina ya nuna mini hanya mai sauƙi. Filogin wufar nan mai ƙafa uku, idan aka cire doguwar ƙafar ta sama, ko aka sa shi a adafta mai ƙafa biyu, nan take ƙugin yake ɗaukewa. Na yi haka wata shida ke nan ban ga wata matsala ba.

Injiniya na Samaru:
Abu Sudais, don Allah ka mayar da wannan ƙafar yau ɗin nan, kuma Baban Ummi kada ya gwada. Gaskiya ne ƙugin yana ɗaukewa, kuma dalilin ɗaukewarsa shi ne ainihin bayanin matsalar. Wayar dish tana da ragar ƙarfe a jikinta wadda ke haɗe da dish ɗin da ke kan rufi ko jikin bango, ita kuma wufa tana haɗe da atin na gidan, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, ta wannan doguwar ƙafa. Idan aka samu ɗan bambancin wuta tsakanin waɗannan wurare biyu, sai wata ƙaramar wuta ta riƙa zagayawa daga dish zuwa dikoda, zuwa talabijin, zuwa amfilifaya, zuwa wufa, ta bi jikin wayoyin da ya kamata su ɗauki sauti kawai. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa abin da kunne ke ji ƙugi ne mai kauri na 50 Hz (Hz shi ne adadin juyi a daƙiƙa) da ninkinsa na 100 Hz, wanda ya faɗa daidai cikin sautin da wufa ke fitarwa.

Cire ƙafar atin yana yanke zagayen, amma wannan ƙafar ita ce hanyar da wuta za ta bi ta ƙona fiyus ranar da wata waya ta ciki ta taɓa ƙarfen bayan wufar. Idan babu ita, ƙarfen zai zauna ɗauke da bolt 230 yana jiran hannun da zai taɓa shi, kuma wufa a ƙasa take, inda yara ke rarrafe a kan tayil ba takalmi. Wata shida lafiya ba hujja ba ce, domin an sa ƙafar ne saboda ranar da na'urar ta samu matsala.

Abu Sudais:
Na gode, Injiniya, wallahi ban san haka ba ne. Zan sayi sabon filogi da yamma in sha Allahu.

Baban Ummi:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Na sami silala biyu a wayar sifikar hagu suna dab da taɓa ɗaya ramin, na gyara. A bayan amfilifayar an rubuta om 6 zuwa 16, kuma tana shan wat 460. A bayan sifikokin tsohuwar DVD an rubuta om 3. Abin da ya ruɗe ni tun farko shi ne, a kwalin waccan DVD an rubuta wat 3000, shi ya sa na ɗauka sifikokinta sun fi ƙarfin wannan amfilifayar ma. Tana cikin kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi, kuma da na taɓa samanta bayan awa ɗaya na ji zafi sosai. Game da ƙugi kuwa, Baba ya faɗi gaskiya: shiru ne har sai da na murɗa wayar dish. Na kuma lura cewa idan na taɓa ƙarfen bakin wayar tana ɗan jana.

Injiniya na Samaru:
To, an gano biyu ke nan. Om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, kuma duk lokacin da adadin ya yi ƙasa, sifikar tana jan wuta mai yawa daga amfilifaya. Sifika mai om 3 tana jan ninki biyu na abin da mai om 6 za ta ja a murya ɗaya, don haka ka ɗora wa na'urar kayan da ta rubuta a jikinta cewa ba za ta iya ɗauka ba. Irin waɗannan ƙananan sifikokin an ƙera su ne don na'urar da suka zo da ita kaɗai. Ka cire su, ka nemi biyu masu om 6 ko 8, ba sai manya ba, domin aikin na baya bai kai na gaba nauyi ba. Kafin ka samu, ka shiga saiti ka nuna cewa babu sifikokin baya, amfilifayar za ta mayar da sautinsu gaba.

Wat 3000 ɗin nan kuma, idan ka duba da kyau za ka ga haruffan PMPO kusa da shi. Adadi ne na talla wanda ba shi da tsayayyen ma'auni. Wanda ake dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya ci gaba da fitarwa, kuma hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce duba wutar da na'ura ke sha, domin babu na'urar da za ta daɗe tana fitar da fiye da abin da take sha. Ko a wat na gaskiya ma, ninka shi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), sai an ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar murya ta ninka.

Ka fito da ita daga kabad ɗin, ka bar mata sarari kamar taƙi ɗaya a sama, kada a ɗora dikoda ko mayafi a kan ramukan iskarta. Zafin watan Maris zuwa Mayu kaɗai ya isa ya kashe amfilifayar da ke rufe, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramukan, don haka a riƙa hure ta da bulowa bayan an zare filogi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina son in ƙara magana a kan tiransifomar, domin mu ma nan kayan hannu suna shigo mana, sai dai namu galibi na Turai ne masu bolt 230, ba su bukatarta. Wat 500 a kan na'urar da ke shan 460 ya yi matsatsi ƙwarai, musamman a lokacin kunnawa da amfilifaya ke fizgar wuta da ƙarfi. Ni da zan ba da shawara, a nemi mai wat 1000, a kuma tabbatar tiransifoma ce ta gaske mai nauyi, wadda aka naɗe da waya, ban da ƙananan marasa nauyin nan da matafiya ke sayowa don abin dumama ruwa, waɗanda ke iya ƙona kayan sauti.

Akwai kuma abin da tiransifoma ba ta canzawa. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, kuma na'urar da aka ƙera don 60 kaɗai takan fi ɗumi idan ta sha 50, wani lokaci har a ji ɗan ƙugi a jikin akwatinta. Wannan ƙarin dalili ne na ba ta iska. Idan gidan yana da inbata, a duba ko mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave, domin ɗaya nau'in mai araha yana sa kayan sauti yin ziza mai kaifi wadda babu saitin da zai cire ta. Idan an ɗauke wuta kuma za a tayar da janareta, a kashe amfilifayar tukuna, sai injin ya daidaita a kunna.

Mai Gyaran Rediyo:
Madalla. Yanzu maganin ƙugin. Da farko ka tara talabijin da dikoda da wufa da tiransifomar a soket ɗaya ta hanyar ekstenshan mai kyau mai ƙafa uku, don duk su sha atin daga wuri guda. Jan da ka ji a bakin wayar dish yana nuna cewa atin ɗin gidan yana bukatar dubawa, domin gidaje da yawa an sa soket mai rami uku amma ramin na ukun ba a haɗa shi da komai ba. Ka kira mai aikin wuta ya gwada, ya kuma haɗa ragar wayar dish da atin ɗin gidan a inda ta shigo.

Za a iya ce maka ka sayi ɗan ƙaramin abin da ake sa wa a wayar eriya don yanke irin wannan zagayen. Ka yi hattara, domin dikoda tana tura bolt 13 ko 18 ta cikin wannan wayar zuwa kan dish, wato LNB, kuma abin da ya tare wuta gaba ɗaya zai kashe maka sigina. Abin da na fi amincewa da shi shi ne ka cire HDMI da ke tsakanin talabijin da amfilifaya, ka sa wayar oftikal. Haske ne ke tafiya a cikinta, babu ƙarfe ko kaɗan, don haka wuta ba ta da hanyar da za ta bi ta ƙetara. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita tun 1983, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta kashe irin wannan ƙugi ba.

Injiniya na Samaru:
Baba, a kan atin ina tare da ku ɗari bisa ɗari, amma a kan oftikal ina da ja kaɗan. Idan ya bar HDMI zai rasa abubuwa biyu. Na farko, rimot ɗin talabijin ba zai ƙara sarrafa muryar amfilifaya ba, domin wannan yana bi ne ta tsarin CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync, kuma a gidan da ke da yara da tsofaffi rimot biyu wahala ce ta kullum. Na biyu, oftikal iyakarta sitiriyo (sautin dama da hagu) da Dolby Digital da DTS na 5.1, ba ta ɗaukar manyan nau'o'in sauti irin su Dolby TrueHD. Ramin ARC, wato ramin HDMI da ke mayar da sautin talabijin zuwa amfilifaya, ya zo ne da HDMI 1.4 a 2009, ingantaccen nau'insa eARC kuma da HDMI 2.1 a 2017, kuma shi eARC yana ɗaukar waɗannan duka. Ni a ganina a gyara atin, a bar HDMI a inda take.

Mai Gyaran Rediyo:
Injiniya, bayaninka daidai ne a takarda, amma ka dubi kayan da ke gabansa. Amfilifaya ce ta hannu mai 5.1, da wuya ta san eARC, kuma abin da zai kalla tashoshin dish ne da fina-finan intanet, waɗanda ba TrueHD suke aikowa ba. Abin da ka ce zai rasa bai taɓa samunsa ba balle ya rasa. Maganar rimot na yarda da ita. To mu yi haka: ya fara da atin, idan ƙugin ya mutu ya zauna da HDMI ɗinsa, idan ya rage ko kaɗan ne ya koma oftikal.

Injiniya na Samaru:
Na amince da wannan tsarin, Baba. Ko wacce ya zaɓa, akwai saiti ɗaya da ke hana sifikokin baya magana, kuma yana cikin talabijin ne. A sashen sauti, inda ake zaɓen nau'in abin da zai fita, yawancin talabijin suna zuwa a kan PCM, kuma PCM ta ARC ko oftikal hanya biyu ce kawai, dama da hagu. Sai a mayar da shi Bitstream ko Auto ko Passthrough, gwargwadon sunan da talabijin ɗin ya ba shi, a duba irin wannan saitin a dikoda ita ma. Idan ya yi, fuskar amfilifayar za ta rubuta Dolby Digital a shirin da ke da shi. Ya kamata kuma a sani cewa tashoshi da yawa da mafi yawan bidiyon YouTube sitiriyo ne tun asali, don haka shirun sifikokin baya a kansu ba lalacewa ba ce. Wanda yake son su yi magana a irin waɗannan sai ya kunna Dolby Pro Logic II, wanda ke rarraba sauti mai hanya biyu zuwa biyar.

Maman Yusra:
Assalamu alaikum. Maganar da ba a taɓa ba har yanzu ita ce ta rashin jin 'yan wasa, kuma ita ce ta fi shafar mutanen gida. Mun yi fama da ita saboda mahaifiyata, wadda jinta ya ragu, har ta daina zama kallo da mu. Kusan duk maganar fim daga sifikar tsakiya take fita, mu kuma mun tura tamu can cikin kabad saboda kada ta ɓata kwalliyar falo. Da muka jawo ta bakin katakon, muka ɗan ɗaga gabanta ta fuskanci kunnen mai zaune, muka ƙara mata desibel 3 a saiti, sai magana ta fito sarai ba tare da an ƙara muryar sauran ba.

Sauran gyaran kuwa ba na waya ba ne. Falon da ke da tayil da bangon siminti da POP yana amsa-kuwwa, kuma amsa-kuwwa ita ke cakuɗa kalmomi. Baban Ummi ya tsaya a tsakiyar falon ya tafa hannu sau ɗaya, idan ya ji tafin ya ja wutsiya, to ɗakin ne. Mun shimfiɗa kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujeru, muka sa labule mai nauyi a tagogi, bambancin ya fi na duk abin da muka saya. Akwai kuma saitin dare, wanda ke rage tazarar da ke tsakanin raɗa da fashewa. Mu a kunne muke barinsa bayan isha'i, saboda yara da kuma haƙƙin maƙwabta, domin sautin wufa yana ratsa bango fiye da yadda na cikin ɗaki yake zato.

Abu Sudais:
Hajiya ta kawo magana mai amfani. Tambayata a kan saitin girman sifika ce. Ni na sa nawa duka a Large saboda ina ganin hakan ne zai ba su cikakken ƙarfi, kuma sanya babbar sifika a Small kamar rage mata daraja ne. Sannan idan duk wannan wahalar ce, ba gara mutum ya sayi doguwar sifikar nan ta ƙarƙashin talabijin, wato saundba, ya huta ba?

Injiniya na Samaru:
Sunayen ne suka ruɗar da mutane. Small ba ya nufin an rage wa sifika ƙarfi, yana nufin an ɗauke mata sauti mai kauri na ƙasa an miƙa wa wufa, wadda ke da tata amfilifayar a ciki. Iyakar da aka fi amfani da ita 80 Hz ce, wadda kamfanin THX ya tsayar, saboda ƙasa da haka kunne ba ya saurin gane daga ina sauti yake fitowa. Ƙananan sifikoki kuma a ɗaga musu zuwa 100 ko 120. Sautin ƙasa shi ne ya fi cin wuta, don haka wanda ya sa komai a Large ya ɗora wa amfilifaya aikin da ya fi sa ta zafi, ya bar wufa tana zaune. Ga mai matsala irin ta Baban Ummi, Small magani ne kai tsaye.

Saundba tana da wurinta, musamman a ƙaramin ɗaki ko gidan haya da ba a son ja da wayoyi, amma ba ta maye gurbin sifikar da ke bayanka da gaske, kuma shi ya riga ya mallaki kayan. Abin da ya rage masa jeri ne. Sifikokin gaba su buɗe kamar digiri 30 kowane gefe daga inda ake zama, na baya kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato a gefe da ɗan baya, sama da kunne kaɗan. Tunda kujerunmu a jikin bango suke, a kafa su a bangon gefe. A auna nisan kowace sifika da tef a shigar a saiti, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, bambancin mita ɗaya kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ne, kuma amfilifaya tana jinkirta na kusa don duk su iso tare. Idan ta zo da ɗan makirfonta, a bar ta ta auna da kanta, wanda Yamaha ke kira YPAO, Pioneer MCACC, Denon da Marantz kuma suna amfani da Audyssey, amma a kashe fanka da esi da janareta lokacin awon. A tabbatar kuma ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika. Idan alamar waya ta goge, a taɓa ta da batir mai bolt 1.5 na ɗan lokaci, idan fatar sifikar ta turo waje, wayar da ke gefen batir mai alamar + ita ce ta jan rami.

Baban Ummi:
Alhamdu lillahi, ga inda aka kwana. Mai aikin wuta ya tarar wayar atin ta tsinke a wajen sandar da aka binne, ya gyara, jan da nake ji ya daina, ƙugin kuma ya ragu sosai amma da dare ana ɗan jinsa, sai na sa oftikal kamar yadda Baba ya ce, ya ɗauke gaba ɗaya. Na samo sifikoki masu om 8 a Sabon Gari, na canza tiransifoma, na fito da amfilifayar fili, kwana huɗu ke nan ba ta mutu ba. Talabijin ɗin a PCM yake, na canza. Maman Yusra, uwargida ta ce in miƙa godiyarta a kan maganar kafet. Saura biyu ƙanana: wufar tana diri da yawa a kujerar da ke kusurwa alhali a tsakiyar falo kusan ba a jinta, sannan sauti yana ɗan riga bakin mai magana.

Mai Gyaran Rediyo:
Dirin nan aikin ɗakin ne. Sauti mai kauri yana kai da komowa tsakanin bango biyu, ya taru a wasu wurare ya soke kansa a wasu, kuma a falo mai mita 5 da 4 hakan yana faruwa a wajen 34 Hz da 43 Hz da ninkinsu, jikin bango da kusurwa su ne matattararsa, tsakiya kuma ramin da yake ɓacewa. Ka ɗora wufar a kan kujerar da ka fi zama, ka kunna abu mai kauri, ka bi gefen bangon gaba a durƙushe kana saurare. Inda ka ji sautin ya fito daidai, ba diri ba rami, nan za ka ajiye ta, kuma ka janye kujerar daga bango ko da taƙi biyu ne. Rigayen sauti kuwa saboda talabijin yana ɓata lokaci wajen sarrafa hoto ne, oftikal kuma ba ta daidaita wannan da kanta. Ka nemi Audio Delay ko Lip Sync a saitin amfilifayar, ka kamo tashar labarai inda fuskar mai karantawa ta cika allo, ka fara da 40 ms, wato kashi 40 cikin dubu na daƙiƙa, ka riƙa ƙara goma goma har harafin "b" da "m" su faɗo daidai lokacin da leɓɓansa suka haɗu.